Kwarin Ƙasusuwa a Bakin Kaka Laraba

Mu huɗu ne a cikin wannan labari, uku daga cikinmu kuma jini ɗaya ne. Akwai Kawu Ayuba, yayan mahaifiyata, tsohon malamin firamare wanda ya ajiye alli ya kama fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu tun ina goye. Akwai Kaka Laraba, ƙanwar mahaifinsa, wadda shi yake kira Gwaggo mu kuma muke kira Kaka. Tana zaune a Miri, can bayan garin Bauchi, wurin ɗanta manomi, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Akwai Malama Rifkatu, mai duba aikinmu, wadda ta karanci Ibrananci, take zuwa Bauchi sau biyu a shekara ta sauka a wani masauki a GRA. Na huɗun ni ne, Habila, wanda ya gama digiri a kan harshen Hausa ya shigo ofishin kawunsa yana zaton shi ne zai koya wa tsoho aiki.

Ina rubuta wannan ne saboda ƙannena ɗalibai da ke leƙowa ofishinmu na Yelwa a lokacin hutu. Sukan dube mu, mutum biyu a kan aya ɗaya tun safe, su ce ai wayar hannu ma tana fassara. Harshenmu ƙarami ne. Ƙauyuka ne kaɗan a gindin duwatsun da ke kudu da Bauchi, sai waɗanda suka watsu a cikin gari, 'ya'yansu kuma da Hausa suke tashi. Burinmu shi ne wahayin annabawa ya fito da wannan harshe ta yadda mai saurare zai ga abin da annabin ya gani. A duk waɗanda muka sani, mutum ɗaya ce ta rage da ta iya ba da labarin mafarki ko wahayi yadda kakanninmu suke bayarwa, ita ce Kaka. Na yi wata tara ina ɗaukar muryarta, da babban yatsana kuma na goge kusan duka. Ga yadda abin ya kasance.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a bayan majami'a. Akwai tebur biyu, kwamfuta ɗaya, fassarorin Hausa biyu da na Turanci uku, da wani kwalin takalmi cike da ƙananan katuna, wanda shi ne ƙamus ɗin harshenmu kaf, Kawu ya tara shi kalma bayan kalma. Akwai kuma rikoda ƙarama, ba ta fi akwatin ashana biyu ba, da fom ɗin gwaji. Aikin mataki uku ne. Da farko a yi daftari. Sannan a kai shi wurin wanda bai taɓa jin nassin ba, a karanta masa, a yi masa tambayoyin da ke kan fom domin a ga ko ya fahimta. Wannan shi ne gwaji. Daga ƙarshe a mayar da daftarin zuwa Hausa kalma bayan kalma, domin Malama Rifkatu ba ta jin harshenmu, ita kuma ta gwada shi da Ibrananci.

Aikin farko da Kawu ya ba ni shi ne wahayin nan da annabi ya ga ƙafafun karusa, wata a cikin wata, suna tafiya ko'ina ba tare da sun juya ba. Kwana biyu na yi na gama daftari, na ajiye masa a tebur ina jiran yabo. Ya karanta a hankali, ya miƙo mini fensir da farar takarda ya ce in zana masa abin da na rubuta. Na zana da'ira babba, na sa ƙarama a tsakiyarta. Ya tambaye ni ta yaya wannan za ta yi gabas sannan ta yi arewa ba ta juya ba. Ya tashi ya ɗauki hularsa.

Wurin wani mai walda muka je kusa da kasuwar Wunti, Malam Sale, abokin Kawu tun suna samari. Kawu ya sayi tsohon garen keke guda biyu, ya ce yana so a yanka ɗaya a gicciya shi a cikin ɗayan a haɗe. Malam Sale ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube mu.

"Malam Ayuba, wannan kuma wace irin keke ce? Ina mai ita zai zauna?"

Kawu ya yi masa bayani cewa wani annabi ne ya ga haka a wahayi, muna so mu gani kafin mu faɗa. Malam Sale ya ce in dai abin annabawa ne to ba a wasa da shi, ya kori wani da ya kawo gyaran ƙofa ya ce ya dawo bayan la'asar. Da ya gama, muka ɗora abin a ƙasa. Na tura shi gaba ya tafi. Na tura shi gefe, ya tafi a kan ɗaya garen, fuskarsa tana nan inda take. Na sake, na sake, har masu shaguna suka fito kallo, ni mai digiri ina gara ƙarfe a bakin titi ina dariya. A hanyar komawa Kawu ya ce da ni, "Abin da idonka bai gani ba, bakinka ba zai iya ɗaukarsa ba." Na yage daftarin na sake sabo, kuma wannan ƙarfe har yau yana rataye a bangon ofis.

Gwaji kuwa Kawu ya ɗora masa dokoki biyu. Ta farko, wanda ya fi tsufa a aikin ba ya zuwa wurin gwaji, domin mutanenmu masu kunya ne, ba za su dubi idon malaminsu su ce maganarsa ba ta fita ba. Don haka ni kaɗai nake zuwa. Ta biyu, ana ɗaukar muryar mai amsa ne kawai domin a cike fom daidai. Da zarar an cike, sai a goge a shirya wa gwaji na gaba. Wannan doka ta samo asali ne daga zamanin kaset, lokacin da Kawu yake da kaset ɗaya tak, yana ɗora murya a kan murya har zaren ya tsinke. Zamanin kaset ya wuce, rikodarmu tana iya ɗaukar maganar wata guda, amma dokar ta zauna, babu wanda ya tambayi dalilinta. Ni kuwa mutum ne mai son ƙa'ida. Ko sau ɗaya ban bar ofis da murya a cikin rikoda bayan na cike fom ba, har ina rubuta "an goge" a ƙasan kowane fom in sa hannu.

Kowace Talata da safe nakan hau tsohon babur ɗin Kawu in nufi Miri. Ina iske Kaka a gindin mangwaron tsakar gida, da ƙwaryar gyaɗa a cinyarta tana ɓarewa. Angona take kirana, irin wasan kaka da jika, takan kuma ce ba ta taɓa ganin angon da ke zuwa zance da jakar takardu ba. Dole in faɗi gaskiya a nan: na raina ta. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya take yi musu, ni kuma a lokacin da Hausar mutum nake auna hankalinsa. Ban tsaya na lura cewa in ta koma harshenmu, ni ne mai Hausar kasuwar ba.

Ina karanta mata daftari, in yi tambayoyi goma. Wa ya yi magana? A ina annabin yake tsaye? Me ya gani da farko? Takan amsa a gajarce, duk daidai, ni kuma in ja alamar cewa ta fahimta. Da na gama sai ta ce in rufe takardar nan, bari ta gaya mini yadda abin ya faru. Daga nan sai ta maimaita wahayin gaba ɗaya da bakinta, kamar ita aka nuna wa.

A al'adar mutanenmu, ba a ba da labarin mafarki a miƙe. Mai mafarki yakan faɗi kaɗan ya tsaya, ba zai ci gaba ba sai wani ya tambaye shi, "Sai me ka gani?" Ana cewa abin da aka nuna wa mutum nauyi gare shi, sai an kama masa yake saukewa. Haka Kaka take tilasta mini in zama mai tambayarta. In na yi jinkiri ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. Kafin ta kai tsakiya, surukarta ta bar tukunya, maƙwabta sun leƙo ta katanga, har matan Fulani masu nono, waɗanda ba su jin ko kalma ɗaya, sukan tsaya a ƙofa da ƙwarya a ka har ta gama. Ni kuma ina duba agogo. Fom ɗina ba shi da gurbin wannan, don haka na ɗauke shi nishaɗin tsohuwa. Daga labarinta na ƙafafun karusa abu ɗaya kawai ya maƙale mini, inda ta ce idanun da ke jikinsu sun yi yawa kamar zanen bayan zabuwa. Sauran ya tafi a yammacin wannan Talatar da na danna maɓalli.

Da damina ta kankama muka iso wahayin kwarin da ke cike da busassun ƙasusuwa, waɗanda aka ce wa annabi ya yi musu magana su rayu. Nan kwalin Kawu ya gaza. Muna bukatar sunan abin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, katin da muke da shi kuwa kalma ɗaya ce da matasa ke amfani da ita ga jijiyar jini da ta ƙashi duka. Kawu ya ce wannan aikin kwata ne. Muka ɗauki shatar keke mai ƙafa uku muka ɗauko Kaka daga Miri, muka ratsa gari zuwa kwatar Inkil da sassafe, lokacin da mahauta suke fiɗa.

Ban taɓa ganin Kaka cikin farin ciki irin na wannan rana ba. Ta tattare zane ta shiga tsakanin mahauta tana nuni da sanda. Ta taɓa farar igiyar da ke bayan ƙafar sa ta faɗi sunanta, na rubuta. Ta sa aka buɗe mata gwiwa ta nuna guringuntsi, ta faɗi nasa. Tantanin da ke lulluɓe tsoka sunansa daban, wanda ke manne da ƙashi daban, ɓargo mai ja daban da mai fari. Kawu yana maimaita kowace kalma a hankali kamar mai ɗanɗana miya, biyu daga ciki ya ce rabonsa da jin su tun mahaifinsa yana yanka akuya. Wani mahauci mai barkwanci ya gaji da jira ya ce, "Hajiya, ki sayi ko kilo ɗaya mana, kin taɓe sa gaba ɗaya."

"Ni ba Hajiya ba ne, yaro," in ji Kaka da Hausarta. "Naman da na taɓa kuma, ka ƙara masa kuɗi."

Aka kwashe da dariya, ya yanko mata hanta ya ce kyauta ce ta malanta. Muka dawo da kalmomi goma sha ɗaya da ba su cikin kwali. Mako biyu muka yi a kan daftarin, ni da Kawu, kuma da muka gama na tabbata ba mu taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

Talatar da na kai shi Miri, hadari yana haɗuwa ta gabas. Na karanta da muryar da na fi ji da ita. Na yi tambayoyina goma, ta amsa goma daidai. Amma ba ta ce in rufe takarda ba kamar kullum. Ta dube ni ta ce:

"Angona, wannan annabin naku bai ga komai ba. Gaya masa aka yi."

Na ce yaya haka, ai ga shi ya ce ya gani.

"Wanda ya taka ƙashin mutum da ƙafarsa ba ya magana kamar mai karanta takardar hakimi."

Na rubuta wannan magana a gefen fom, domin ban san inda zan sa ta ba. Sannan ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a ƙasa ta fara. Zan kawo shi da Hausa gwargwadon iyawata, ko da yake Hausa ba za ta ɗauke shi duka ba.

Ta dafa ƙeyarta ta ce hannu ya kama ta a nan, bai nemi izininta ba, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba, da ya sake ta sai ga ta a kwari. Ta tsaya. Na ce, sai me kika gani? Ta ce fari, ko'ina fari, ta zaci duwatsu ne, ta taka ɗaya ya yi ƙas. Ta ce an zagaya da ita ta wannan gefe, an zagaya da ita ta wancan, ko ƙuda babu, wurin da ƙuda ya bari kuwa ka san ya daɗe da mutuwa. Sai aka tambaye ta ko waɗannan za su rayu. Ta rage murya ta ce ita dai ta ce, kai ka sani. Da ta zo inda ƙasusuwan suka motsa, sai ta ɗauki ƙwaryar gyaɗar ta girgiza a hankali, sannan da ƙarfi, tana cewa kowane ƙashi yana neman ɗan'uwansa. Ta jero kalmomin nan na kwata ɗaya bayan ɗaya, igiya ta hau, tsoka ta hau, fata ta rufe. Ga su kwance, cikakkun mutane, babu mai numfashi. Nan ta tsaya, ta ƙi ci gaba. Ni kuwa bakina a buɗe, na mance da aikina. Surukarta ce ta yi tambayar daga bakin murhu, da ludayi a hannu. Sai Kaka ta kira iska daga gabas da yamma da kudu da arewa, tana juya fuska kowace kusurwa, ta kama sandarta ta miƙe tsaye, ta ce haka suka miƙe, ba su ƙirguwa.

Ruwa ya kama ni a hanya tun kafin in shigo gari. Na iso ofis a jiƙe, rikoda tana cikin leda ba abin da ya same ta, amma fom ɗin ya jiƙe, tawadar ta narke, rabin amsoshin ba su karantuwa. Ƙa'ida ta ce ba a gogewa sai an cike fom. Na nemi sabon fom na tarar sun ƙare, sai an bugo. Saboda haka na ajiye rikodar a aljihun tebur da muryar a cikinta, ina jin haushin cewa aikin ranar bai kammala ba.

Bayan kwana biyu Malama Rifkatu ta iso. Muka same ta a barandar masaukinta a GRA, ta baza littattafanta a tebur ƙarƙashin inuwar manyan itatuwan nan. Ta bi daftarinmu aya bayan aya, ta ce ma'ana ta fita, ba ta da gyara sai biyu ƙanana. Sannan ta ɗauki busasshen fom ɗin nan da ya kanannaɗe, ta kai shi kusa da ido. Maganar da na rubuta a gefe da fensir ce, ruwa bai cinye ta ba. Ta tambayi wa ya ce annabin bai ga komai ba, kuma me take nufi. Na ce wata tsohuwa ce, haka take da surutu, amma amsoshinta duk daidai ne. Ta ce tana so ta ji muryar da kunnenta.

Na kunna. Ina tsayarwa ina mayar mata da Hausa, ita kuma yatsanta yana bin layin Ibrananci daga dama zuwa hagu. Kawu, wanda bai taɓa jin Gwaggonsa a wurin gwaji ba saboda dokarsa, yana zaune da kofin shayi. Da aka zo wurin da ta taka ƙashi, ya ajiye kofin. Da ƙarar gyaɗa ta fito daga rikoda, ya cire hularsa. Da Kaka ta tsaya a wurin gawarwakin, tun kafin muryar surukar ta fito, Kawu ya tambayi rikodar da harshenmu, sai me kika gani? Ya miƙe yana kai da kawowa a baranda yana cewa wannan shi ne, shekara ashirin yana neman wannan, ashe yana Miri a gindin mangwaro.

Malama ta rufe littafinta ta ce, "Ba ta bar ko ƙashi ɗaya a ƙasa ba. Ƙudan nan ne kaɗai nata, dole mu cire shi, kuma ina jin zafin cirewa. Ku ajiye daftarinku, ku rubuta wannan." Ta juyo gare ni fuskarta cike da murna. "Malam Habila, haka take yi kowane mako?"

Na ce haka take yi.

"To, kawo mana sauran."

Na buɗe jakata na fito da fom talatin da uku, a jere bisa tsari, kowanne da sa hannuna a ƙarƙashin kalma biyun nan, "an goge". Malama ta karanta na farko, ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na uku, ta daina. Kawu ya zauna. Ya ce dokarsa ce. Na ce yatsana ne. Malama ta ce rabon laifi ba zai dawo da murya ba, tsohuwa tana nan da ranta, mu koma mu sake ɗauka daga farko, ita za ta nema mana ƙarin lokaci. Muka tashi da ƙwarin gwiwa, har muka tsara cewa sau biyu a mako za mu riƙa zuwa, Kawu kuma ya ce ya soke dokar farko tare da ta biyu.

Washegari na je Miri in sanar da ita, na tarar ta tafi ƙauye jana'izar wata ƙawarta, za ta yi mako biyu. Na ce ba komai, mako biyu kamar gobe ne. A kwana na tara ta faɗi a bakin rumbu. Aka dawo da ita Bauchi, asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta rayu, hankalinta garau, tana gane kowa, amma hannun dama ya mutu, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Wannan ita ce shekarar da muke kira muguwar shekara a ofishinmu.

Duk da haka ba mu zauna ba. Da ta ɗan samu ƙarfi, Kawu ya ɗauki tabarma ya je ya zauna a gabanta kamar ɗalibi. Muka tara surukarta da maƙwabta mata uku da suka saba saurare ta katanga, muka roƙi kowace ta faɗi abin da ta riƙe. Wata ta tuna yadda Kaka ta kwatanta ƙarar fukafukai da kogi a watan da ya cika. Wata ta tuna rabin jimla a kan ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙofa yana ƙaruwa daga idon sawu zuwa gwiwa. Kawu yakan haɗa gutsattsarin ya faɗa da salon mai mafarki, ni in tambaye shi, Kaka kuma ta yi hukunci da sandarta a hannun hagu. In ya dace ta buga ƙasa sau ɗaya. In bai dace ba ta juya fuska ga bango. Ta fi yawan duban bango. Wata rana Kawu ya ƙaƙalo wata kalma mai nauyi yana taƙama da ita, ta lallaɓa ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta jefe shi a goshi, duk gidan ya ɗauki dariya, ita ma kafaɗarta tana girgiza. Da wannan hanya muka ceto abin da muka ceto, amma na ji na asali da kunnena, na san tazarar da ke tsakani.

Kwarin ƙasusuwa kuwa mun rubuta shi daga bakinta, muka cire ƙuda, Malama ta sa hannu. Ranar da aka fara karanta shi a majami'a, mun tsara mutum biyu, Kawu mai karatu, ni mai tambaya daga gefe, domin tambayar ba ta cikin nassi, ba mu kuma rubuta ta a ciki ba. An kawo Kaka a kujera aka ajiye ta a gaba. Na yi tambaya ta farko, na yi ta biyu. Kafin in buɗe baki a ta uku, wani dattijo daga baya ya riga ni. A ta huɗu rabin majami'a ne suka tambaya tare, har da matasan da ke cewa ba su jin harshen sosai. Da Kawu ya kai inda gawarwakin suka miƙe, mutane suka miƙe ba wanda ya umarce su. A cikin shirun da ya biyo baya muka ji sanda ta bugi siminti sau ɗaya.

Saboda haka, ƙannena, in kun shigo kun same mu a kan aya ɗaya tun safe, ku sani ba kalma muke nema ba kawai. Ku dubi ƙarfen da ke bango. Ku dubi kuma fom ɗinmu na yanzu, za ku ga shafi guda fari a bayansa wanda babu tambaya a kai. Duk muryar da muka ɗauka yanzu wuri uku ake ajiye ta, ko tari mutum ya yi ba ma gogewa. Kaka ta rasu lokacin girbi na biyu bayan faɗuwarta, ba ta sake furta cikakkiyar jimla ba.

Sau talatin da huɗu na ɗauki muryarta. Ɗaya ya rage, minti goma sha ɗaya. Talatin da uku na goge. Daga cikinsu mun tsinto gutsattsarin shida. Ashirin da bakwai, ko kalma ɗaya babu.